Daga jirgin ciyawa zuwa kwalin banda: tarihin fataucin kifin tabkin Cadi cikin tsofaffin hotuna

A layin masu kifi na Kasuwar Dole ta Damagaram akwai wata gwaggonmu da ta share sama da shekara 40 tana saida banda. Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da ita gida, ɗiyarta ce ke riƙe da rumfar. Kwanan baya mun je gaishe ta, da niyyar kuma mu ɗauki muryarta saboda shirinmu na rediyo da ke magana kan harkokin kasuwa. Ba mu yi nisa da hira ba sai ta sa jikanyarta ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado.

"Kai ɗan nan, aje na'urar nan taka tukuna," in ji ta. "Matso ka duba. Gani ya kori ji."

Hotuna ne cikin gwangwanin, wasu baƙi da fari, wasu masu launi da daɗewa ta koɗar. Na marigayi maigidanta ne, wanda ya yi fataucin kifi tsakanin bakin tabkin Cadi da Damagaram tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. Yini guda muka yi muna juya su. Daga baya muka nemi hotunan da Turawa suka ɗauka a tabkin sama da shekara 100 da suka wuce, da waɗanda taurarin ɗan adam suka ɗauko daga sama, muka jera su kusa da na gwaggo. Abin da muka gani shi ne muke son mu kawo ma ƴan kasuwa a yau, musamman iyayenmu mata da kifi ke ci da su da ƴaƴansu. Wadda ta san yadda wannan sana'a ta tashi, ta faɗi, ta kuma sake tashi, za ta fi sanin inda za ta sa jarinta.

Zamanin kadai

Hotunan tabkin mafi tsufa sun fito ne daga hannun Turawan da suka zo auna ƙasa. Tsakanin 1906 da 1909 wani hafsan sojan Faransa, Jean Tilho, ya jagoranci tawagar da ta shata iyaka tsakanin ƙasar da Faransa ta mamaye da wadda Ingila ta mamaye, tun daga kogin Isa har tabkin Cadi. Ita ce iyakarmu da Najeriya ta yau. Kafin shi kaɗan, wani Baturen Ingila, Boyd Alexander, ya ratsa tabkin da jirgin ruwa. Dukansu sun bar littattafai da taswira da hotuna.

Abin da ido ke fara kamawa a hotunan wancan zamani shi ne kadai, jirgin Buduma. Ba katako, ba ƙusa. Wata doguwar ciyawar ruwa ce, wadda Turawa ke ce ma papirus, ake yankewa a ɗaure dami-dami, a haɗa su da igiya, a tanƙware goshin ya kalli sama. Da doguwar sanda ake tura shi, domin tabkin ba shi da zurfi. In ya yi ƴan watanni ya sha ruwa ya yi nauyi, sai a bar shi a ɗaura sabo.

Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, makiyaya ne tun asali. Su ke da shanun Kuri masu ƙahoni kamar tulu, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Kifi a wancan lokaci cimaka ne na gida. Da mashi ake kama shi, da ƙugiya, da taru na zaren da aka murza da hannu. In an samu rara a shanya, a kai bakin gaɓa a yi musaya da hatsi. Kayan fataucin da kadai ya fi ɗauka shi ne kanwa, daga gabashin tabkin zuwa kasuwannin Barno.

Kada wani ya raina wannan jirgi na ciyawa. A 1969 wani mai bincike ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, da ya so ya gwada ko mutanen da za su iya ƙetare teku da jirgin papirus, bakin tabkin Cadi ya zo ya ɗauki masu ɗaura kadai ya kai su Masar. Su suka ɗaura masa jirgin da ya tashi daga Maroko ya yi dubban kilomita cikin tekun Atlantika kafin ya wargaje. Kuma zirga-zirgar ruwa a wannan yanki ta girmi duk wani hoto: a 1987 an gano wani kwale-kwale binne a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, wanda masana suka ce ya kai shekara dubu 8.

Akwai abu guda cikin takardun Tilho da ya kamata mu riƙe, domin za mu koma kansa. Lokacin da tawagarsa ta iso, ta tarar arewacin tabkin, wato ɓangarenmu, ya janye ƙwarai, har ana taka busasshiyar ƙasa a inda matafiyan baya suka ga ruwa.

Zaren nailan ya canza komai

Hoto mafi tsufa cikin gwangwanin gwaggo ba shi da kwanan wata a bayansa. Ta ce dai zamanin Diori ne, kafin a ɗaura masu aure. A bakin ruwa aka ɗauke shi, a N'Gigmi. Mutum biyu sun saɓa sanda a kafaɗa, an rataye giwan ruwa a tsakiya, wutsiyarsa na jan ƙasa. Saurayin da zai zama mijinta yana tsaye a gefe ya dafa kifin. Bayansu ruwa ne har iyakar ganin ido.

Hoton da tauraron ɗan adam na Amurka ya ɗauka a 1963 ya tabbatar da abin da ke bayan samarin nan. A lokacin faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita dubu 25, ruwa ɗaya a haɗe tun daga bakin kogin Shari har N'Gigmi.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci a hoton ba kifin ba ne. Can gefe akwai wani abu fari da aka shanya bisa turaku: taru ne na nailan. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 wannan zare ya shigo tabkin. Tarun auduga yana ruɓewa, kullum sai an shanya shi, kullum sai an yi masa ɗinki. Na nailan ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, kifi kuma ba ya ganinsa da kyau cikin ruwa. Masunci ɗaya sai ya shimfiɗa kalli mai tsawon da a da sai mutum da yawa. Bayan nailan sai ga jirgin katako, bayansa kuma sai ga inji.

Kama kifi daban, samun mai saye daban. Mai sayen yana kudu. Biranen kudancin Najeriya suna girma, suna neman abin miya da zai jure doguwar tafiya. A 1964 layin dogo ya isa Maiduguri, manyan motoci kuma suka kama hanyar Onitsha da Enugu da Ibadan da Legas. Baga ta zama babbar tashar kifin tabkin gaba ɗaya. A shekarar nan dai, ran 22 ga Mayu, shugabannin Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tabkin Cadi a Fort-Lamy, wadda ake kira N'Djamena a yau.

Inda kuɗi ya ɓulla jama'a ba sa jiran gayyata. Sarkawa da Kabawa suka taso daga yamma, masuntan Haɗeja suka biyo Kumadugu, Jukunawa suka hauro daga Binuwai, Zabarmawa suka zo daga bakin kogin Isa. Suka tarar da Buduma da Barebari. Hausa ta zama harshen ciniki a bakin ruwa da cikin tsibirai.

Kaya iri biyu ne suka riƙe kasuwa a lokacin. Na farko salanga, wani siririn kifi mai ƙyalli da ke yawo garke-garke yana haura koguna don ya yi ƙwai. Shi tsaga shi ake a shanya a rana. Na biyu banda: manyan kifi, su giwan ruwa da bargi da yauni, a yanka gunduwa-gunduwa, a babbake da wutar ciyawa, a bar su su bushe ƙarau. A hotunan gwaggo na wancan zamani bandar cikin buhu take da tabarma, gunduwa ɗaya ta cika tafin hannu. Babu kwali ko ɗaya.

Shekarar da kifi ya yi arha

Akwai wani hoto da gwaggo ta daɗe tana kallo kafin ta miƙo mana. Tarin kifi ne a ƙasa kamar an zube dami a masussuka. Maza suna tsaye a bayansa suna dariya.

"Shekarar nan kowa ya ɗauka arziki ne ya sauka," in ji ta. "Ashe bankwana ne."

Wannan shi ne farin 1973. Mafi yawan ruwan tabkin, wajen kashi 90 cikin 100 na abin da koguna ke kawowa, daga Shari da Logon yake zuwa, can daga kudu. Kumadugu, wadda ke raba mu da Najeriya a jihar Difa, kaɗan take ƙarawa. Da damina ta gaza shekara bayan shekara, sai wani tudu da ke kwance ƙarƙashin ruwa a tsakiyar tabkin ya fito fili, ciyawa ta rufe shi, ya raba tabkin gida biyu: kwarin kudu da kwarin arewa. Kwarin kudu shi ke fara shan ruwan Shari. Namu na arewa sai in na kudu ya cika ya tumbatsa sannan ya samu.

Da ruwan arewa ya riƙa tsukewa, kifi ya rasa wurin gudu. Ko yaro ya jefa birgi sai ya cika kwando. Masana kifi sun ƙiyasta cewa a 1974 abin da aka kama a tabkin ya haura tan dubu 200, abin da ba a taɓa gani ba. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, wutar banda ba ta mutuwa dare da rana. Wanda aka kasa kwashewa ya mutu cikin laka ya ruɓe.

Ba riba ake ci ba, jari ake ci. A 1975 kwarin arewa ya ƙafe. Salanga ta ɓace daga ɓangarenmu, giwan ruwa ma haka, domin su kifin buɗaɗɗen ruwa ne. Ƴan kasuwar da suka ga arha suka ci bashi suka ƙara jiragen ruwa da taru, su ne suka fi shan wuya. Maigidan gwaggo na cikinsu. Ta ce sai da ya saida gonar gado kafin ya fita daga bashin shekarar.

Jirgi bisa rairayi

Hotunan shekarun 1980 masu launi ne, amma ba ruwa a cikinsu. A ɗaya, jirgin katako ne kife bisa rairayi, katakon ya tsattsage, awaki suna kwance a inuwarsa. Gwaggo ta ce wurin nan ne dai aka ɗauki hoton giwan ruwa.

Bayan farin 1984 tabkin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girman da yake da shi a 1963. Akwai shekarun da ko ɗigo bai tsallako kwarin arewa ba. N'Gigmi, garin da ake sauke kaya daga jirgi, ta wayi gari ruwa ya yi mata nisan kilomita da dama. Ga kuma abin takaici: a shekarun 1970 ne aka shimfiɗa kwaltar Hanyar Haɗin Kai har N'Gigmi. Hanya ta iso, kifi ya tafi. Ba tabkin kaɗai ya ji jiki ba: a Yunin 1985 kogin Isa kansa ya daina gudu a Yamai. A can sama kuma, a ƙasar Kano, an gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, bisa kogunan da ke ciyar da Kumadugu.

Masunta ba su zauna jiran ruwa ba. Wasu suka bi shi kudu, suka kafa bukkoki a ƙasar Najeriya da Cadi da Kamaru. Wasu suka aje taru suka ɗauki hauya, domin ƙasar da ruwa ya bari tana da danshi da taki, masara da wake suna yi ba tare da ban ruwa ba. Fatake kuma suka koma sayo kaya daga Baga.

A wannan zamani ne kifin kasuwa ya canza kama. Abin da ya rage fadama ce mai ciyawa da laka, kuma kifin da ke jure irin wannan ruwa shi ya gaji wurin: tarwaɗa, wadda ke iya shaƙar iska in ruwa ya yi ƙaranci, da karfasa, da bargi. Kayan aiki ma suka canza. Kalli ba ya shimfiɗuwa cikin ciyawa, sai aka koma ga mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da gura irin wadda masuntan Mali suka shigo da ita. Daga gura aka samu dumba, wato a jera gura da yawa a tare mashigar ruwa gaba ɗaya. Matan kasuwa da suka manyanta za su tuna lokacin da gunduwar banda ta ja baya, naɗaɗɗiyar tarwaɗa mai baƙi ta mamaye faifai. Kwali ma a lokacin ya kori buhu da tabarma.

Ruwa ya dawo

A ƙarshen shekarun 1990 damina ta gyaru a kudu, ruwa ya tsallake tudun nan ya sake shigowa ɓangaren Nijar. Abin da Tilho ya gani a farkon ƙarni ya maimaita kansa: tabkin nan yana tafiya yana dawowa. Hotunan ƙarshe na maigidan gwaggo na wannan lokaci ne. Ya tsufa, ya yi furfura, yana tsaye gaban wata babbar mota da aka lafta ma kwalaye har sun fi kan direba tsawo, an ɗaure da igiya. A kasuwar Doro Lelewa aka ɗauke shi.

Shekarun nan su ne na cikar kasuwa. A farkon shekarun 2000 ƙididdigar hukuma ta nuna kifin da ake kamawa a Nijar ya kai wajen tan dubu 50 a shekara, mafi yawansa daga tabkin Cadi. Banda da tattasai suka zama ƙafafu biyu da jihar Difa ke tsaye a kansu. Mafi yawan kayan Najeriya yake tafiya, kuma da naira ake cinikin. Ragowar ne ke biyo kwalta zuwa Damagaram da Maraɗi da Tawa. Shi ya sa mai rumfa a Kasuwar Dole, ko ba ta taɓa taka Difa ba, tashin naira da faɗuwarta suna iske ta har bisa faifanta. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da faɗuwar naira daga 2023, sun san abin da muke nufi.

Shekarun da ba su da hoto

Daga nan gwangwanin gwaggo ya ƙare. Maigidan ya riga mu gidan gaskiya, kuma shekarun da suka biyo baya ba na ɗaukar hoto ba ne.

A Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka afka ma Baga. Ran 6 ga Fabrairu suka kai hari Boso da Difa. Magabata suka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, suka hana hawan babur, suka hana su da fataucin kifi da na tattasai, bisa hujjar cewa da harajin waɗannan kaya ne ƴan bindigar ke samun kuɗi. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilu, aka umarci mazauna tsibirai su fito. Dubban mutane suka tako da ƙafa cikin zafin bazara zuwa N'Gigmi da Boso, suka bar jirage da taru da dabbobi a baya.

Abin mamaki, a wannan karon ruwa yana nan, kifi yana nan, mutum ne ba shi da halin zuwa. Masunci ya koma ɗan gudun hijira a bakin kwalta yana jiran taimako. A kasuwanninmu banda ta yi wuya ta yi tsada, wadda ake samu ma a ɓoye take zuwa. Ɗiyar gwaggo ta ce a shekarun nan ne ta koyi suyar kifin ƙanƙara, wanda ake shigowa da shi daga teku cikin kwali, don kada rumfa ta mutu. Sai a 2019 aka ɗage haramcin su. Ciniki ya farfaɗo, amma da tsoro, da kuma kuɗin da ake tatsar masunta a cikin ruwa, wanda a ƙarshe mai saye ne ke biyansa.

Game da ruwan kansa, a nan ma hoto na iya ruɗin mutum. An daɗe ana nuna ma duniya hoton 1963 kusa da na shekarun 1980, ana cewa tabkin zai ɓace. Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan adam ya nuna cewa tun shekarun 1990 tabkin bai ci gaba da raguwa ba. Wani ɓangare na ruwan ciyawa ce ta lulluɓe shi, ido ba ya ganinsa daga sama. A 2022 da 2024 ma ambaliya ce ta addabi mutanen Kumadugu da bakin tabki.

Abin da hoto bai ɗauka ba

Mun ƙirga hotunan gwangwanin. Gwaggo ba ta cikin ko ɗaya. Da muka yi mata maganar sai ta yi dariya.

"Wa zai ɗauki mai warin hayaƙi hoto? Ana ɗaukar mai kifi ne da mai mota."

Wannan shi ne babban giɓin tsofaffin hotunan, na Turawa da na gida. Ba ka ganin matan da ke feɗe kifi, da masu hura wuta idanunsu na zubar da hawaye, da masu kasawa a faifai, da masu suya a bakin tasha. Alhali ta hannunsu ne kifi ke zama kuɗin cefane da na makaranta da na kayan ɗaki.

Bashi ma ba ya fitowa a hoto. Masuncin da ke murmushi cikin jirgi, sau da yawa jirgin da tarun da injin na ubangidansa ne. Shi ya ba shi su tare da hatsi, bisa sharaɗin shi zai saida ma kifin a farashin da suka shirya. Daga nan kaya ya bi ta hannun fatoma, mai masauki kuma dillali, ya bi ta hannun mai mota, ya biya abin da ake biya a shingayen hanya, kafin ya iso ga babbar ƴar kasuwa, ita kuma ta ba ƙananan masu faifai bashi zuwa ranar kasuwa. In ruwa ya janye ko hanya ta rufe, kamar yadda Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, bashin ba ya janyewa. Daga sama yake gangarowa har ya tsaya kan mai faifai.

Sai abu na uku, wanda ya shafe mu duka: ƙwaro. Duk mai banda ta san baƙin cikin buɗe kwali ta tarar rabi ya zama gari. Saboda haka wasu ke yayyafa ma kaya maganin ƙwari irin su piya-piya. Jama'a, wannan guba ce. An yi ta don ƙwari, ba don tukunya ba, kuma wanki da ruwan zafi ba ya tabbatar da ta fita. Yaron da zai sha miyar, wataƙila na maƙwabciyarki ne, wataƙila naki ne. Hanyar da iyayenmu suka bi tana nan: a sayi kayan da ya bushe sosai, a ɗaga kwali daga ƙasa, a riƙa fiddawa ana shanyawa, in ya fara laushi a sake gifta shi a hayaƙi, kada kuma a zuba sabon kaya cikin tsohon kwali mai ƙwaro. Akwai kuma murhun banda mai faifan waya hawa-hawa da aka ƙirƙiro a Chorkor ta ƙasar Gana a 1969, wanda ke cin itace kaɗan, kifin kuma ya gasu daidai ba tare da ya ƙone ba. Ƙungiyoyin mata za su iya haɗa kuɗi su gina irinsa.

Ba tabkin Cadi kaɗai ba

Wanda ke da tsofaffin hotunan kogin Isa zai ga irin wannan labari. Jean Rouch, Bafaranshen da ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya ɗauki Sarkawan Ayoru a fim tun ƙarshen shekarun 1940, suna farautar dorina da zago daga cikin kwale-kwale. Yau yashi ya cike wurare da dama na kogin, manyan kifi sun yi ƙaranci. A Argungu, inda aka fara bikin su a 1934, har yanzu ana shiga ruwa da homa da gora, amma ranar biki ce. Kusa da mu kuma akwai tabkin Madarumfa, da na Gidimuni, da na Tabalak, inda ma'aikatan gandun daji kan zuba ƴaƴan kifi don su hayayyafa. Waɗannan ƙananan ruwaye ba su da faɗin da za su jure ɓarna.

A nan ne muke da magana da ƴan kasuwa. In ka jera hotunan gwaggo daga na farko zuwa na ƙarshe, kifin ƙanƙancewa yake, idon taru kuma tsukewa yake. Yau har da gidan sauro ake tace ruwa, a kwaso ƴaƴan da ba su kai yatsa ba. Dokar ƙasa ta hana su da guba, ta kuma ƙayyade girman idon taru, amma ma'aikaci ba ya iya tsare kowane bakin ruwa. Masunci yana kama abin da ya san za a saya ne. Ranar da manyan mata na layin kifi a Damagaram da Maraɗi da Tawa suka haɗa baki suka ƙi karɓar ƴaƴan kifi, ranar gidan sauro zai koma bisa gado. Fari daga Allah ne, ba mu da iko a kansa. Idon taru kuwa a hannunmu yake.

Kafin mu tashi, mun roƙi gwaggo ta faɗa mana abin da ta tuna na kowane hoto, jikanyarta tana rubutawa a baya da fensir: wuri, da zamani, da sunan wanda ke ciki. Hotuna uku ta kasa tuna mutanen da ke cikinsu, kuma babu sauran wanda za a tambaya. Saboda haka muna kira ga duk mai irin wannan gwangwani a gida, ko na kifi ne, ko na gyaɗa, ko na fata, ya fiddo shi tun tsofaffi suna da rai, a rubuta abin da suka sani. A nisanta shi da danshi da gara. Wanda ke da salula ya ɗauki hoton hoton ya aje.

Da za mu fita, ɗiyar gwaggo ta dawo daga kasuwa da ragowar kaya a ka, zanenta na warin hayaƙi. Muka ce ta tsaya haka nan yadda take, gwaggo ta zauna kusa da ita, faifan banda a gabansu. Muka ɗauke su. Mun wanko shi, mun rubuta shekara da sunayensu a baya, an sa shi cikin gwangwanin tare da sauran.